Tankin lita 1000 a bayan Kangoo: in saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata wanke gilashin tagogi a bankuna, otel-otel da kantunan magani a nan Maradi. Da babur nake yawo da bido biyu. Yanzu aiki ya ƙaru, har Tibiri da Madarunfa ana kirana. Dillali ya nuna mini wata Renault Kangoo, ya ce tankin nan mai keji na lita 1000 zai shiga bayanta. In saya?
Mai karatu daga unguwar Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Motar ba laifi, amma wannan tanki ka bar shi a kasuwa. Ko da ya shiga, ba za ta iya da shi ba. Dillali fili ya duba, kai kuwa nauyi za ka duba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato cikakken tankin nan tan guda ne, ga kejinsa da gindinsa kusan kilo 60. Ƙananan motoci irin su Kangoo, Peugeot Partner da Citroën Berlingo, galibinsu tsakanin kilo 600 da 800 aka yi su su ɗauka, kuma har da kai direba a cikin lissafin.

Kafin ka ba da ko dala, karɓi kart griz, takardar rajistar motar, ka nemi PTAC, wato iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kayanta da mutanenta. Akwai kuma ɗan allo da kamfani ya manna a jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji, yana nuna wannan adadi da abin da tayoyin gaba da na baya za su iya ɗauka daban-daban. Ka cire nauyin motar ba kaya daga PTAC, abin da ya rage shi ne rabonka. In ka samu sikelin da ake auna manyan motoci, hau da ita da mai cike, domin motar da ta sha hannu sau da yawa an lafta mata ƙarafa a rufi da baya, kuma duk daga rabonka suke ci.

Mu ce rabon kilo 650 ne. Kai da yaronka 140. Tsani, sanduna, bokitai, famfo da batirinsa, sa 80. Tanki ba ruwa da ƙarfen da zai riƙe shi, 40. Saura 390. To tankinka na lita 350 ne, daidai da bido 14 masu lita 25. Ga mai wanki da soso da roba, wannan ruwa ne mai yawa, ko da hunturu lokacin da ƙura ke rufe gilashi kwana biyu bayan wanki. In ya ƙare, ai cikin gari kake, ka sake cikawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ruwa ke motsi. Buhun gero inda ka aje shi nan yake zama. Ruwa kuwa, musamman in tanki rabi ne, kana taka birki zai ruga gaba ya tura motar, kana shan kwana ya kwanta gefe guda. Ka tuna da kabu-kabu da adaidaita da ke faɗo wa mutum ba sallama wajen babbar kasuwa. Saboda haka nemi tanki mai shinge a ciki, gajere mai faɗi, a zaunar da shi dab da bayan kujeru, gaban tayoyin baya, a ɗaure shi da ƙusoshi a jikin ƙarfen motar. Igiyar roba ba ɗauri ba ce. A sa kuma katangar ƙarfe tsakaninka da kaya. Ni a gareji, duk motar da ta zo gindinta a zaune, na san kafin in leƙa cewa birki da amortisa sun gama yawo.

Taya ma kada ka yi mata rowa. Duba lambar nauyin da ke jikinta, ka ba ta iskar da aka rubuta don cikakken kaya. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, tsohuwar taya mai ƙarancin iska da lodi a kanta kan kwalta ita ce ke fashewa. Da damina kuma, mota mai nauyi ita ce ke fara kafewa a rairayi da taɓon unguwanni.

In nan gaba aiki ya kai ka buƙaci lita 600 ko 700, sai ka koma ga Toyota Hiace, wadda ke ɗaukar wajen tan guda, kuma kayan gyaranta da masu gyaranta ba sa wuya a Maradi. Farmi B, takardar izinin tuƙin ƙananan motoci, ya ishe ka tuƙa ta, tunda iyakarsa mota mai PTAC kilo 3,500 ce. Sai dai ta fi shan mai, ga wuyar shiga lungu. A yanzu dai ka tafi da makanikin da ka yarda da shi, ya duba ƙasan Kangoo ɗin ko tsatsa ta ci inda za a ɗaure tanki, ka kuma tabbatar takardun duwan sun cika kafin ka biya.