Amsa ga ƙanenmu da ya ce albashinsa na ɓacewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka, inda kake cewa albashi na ƙarewa tun wata bai raba ba, alhali ba ka sayi wani babban abu ba. To ai nan gizo ke saƙar. Babban abu sai ka zauna ka yi tunani, ka tambayi farashi, ka yi ciniki. Ƙananan nan da hannu ya saba da su kuwa, wa ke tsayawa ya tuhume su?

Akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood. Ita da abokan aikinta sun gano a 2002 cewa kusan kashi 43 cikin 100 na abin da mutum ke yi a yini sabo ne kawai, yana yi hankalinsa na wani wuri. Kashe kuɗi ma haka yake, musamman yanzu da ba ka ƙirga shi da hannu. A 2001 wasu malamai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka sun fitar da sakamakon gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando da suka yi. Waɗanda aka ce da katin banki za su biya, tayinsu ya kusa ninka na masu biya da tsabar kuɗi. Tikitin iri ɗaya ne fa! Kawai dai kati ba ya sa ka ji zafin rabuwa da kuɗin.

Yauwa, duba wayarka. Ka sauke manhaja, aka ce gwaji kyauta na mako guda, ka sa lambar katinka. Ka buɗe ta sau biyu ka manta. Ita ba ta manta ba, duk wata sai ta cira. Alat ya shigo kana tsakiyar hira, ka ga ɗan kaɗan ne, ka ture shi da yatsa. Ga bidiyon da ke kunna kansa yana shanye data, ka sake saye kana mita. Wallahi wannan yana ba ni takaici, don guminka ne ke tafiya ba ka ko ji daɗinsa ba.

Abin da nake so ka yi, ka nemi bayanin asusunka na wata uku, ka zauna da biro. Duk abin da ya maimaita kansa, ja masa layi. Na wata-wata ka ninka shi sau 12, na kullum sau 365, sannan ka tambayi kanka: da dunƙule aka ce in biya wannan, zan yarda? Wanda ka ce a'a, soke shi a daren nan. Ka kuma goge katin da ka adana a manhajoji, ta yadda duk sayayya sai ka tashi ka ɗauko shi.

Kada ka ce za ka gyara duka lokaci guda, ɗauki biyu tukuna. In lissafin ya rikice maka ka turo min ta gefe mu duba tare, amma ka rufe lambar asusun kafin ka turo.