GTX 1080 Ti na hannu ko RTX 4060 sabo? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce an yi maka tayin katin girafik (katin da ke sarrafa hoto a kwamfuta) GTX 1080 Ti na hannu, ga kuma RTX 4060 sabo fil a kwali, ka duba ka ga tsohon yana da VRAM (ma'ajiyar katin) 11GB da bas (hanyar da bayanai ke bi zuwa ma'ajiyar) 352-bit, sabon kuwa 8GB da 128-bit kacal, shi ne kake tambaya ko ba tsohon ne ya fi ba.

A takarda kam kana da hujja. 1080 Ti yana tura bayanai 484GB a daƙiƙa, 4060 kuwa 272GB. To amma na 2017 ne kake gwadawa da na 2023, kuma lambobin zamani biyu ba sa awo da juna kai tsaye. 4060 yana da ƙaramar ma'ajiya mai sauri (L2) ta 24MB a cikin guntunsa, 1080 Ti bai kai 3MB ba, don haka sabon ba ya yawan komawa VRAM ɗauko kaya, ƙuncin bas ɗin bai cika damunsa a 1080p ba. A tsofaffin wasanni kusan kunnen doki suke yi. Sai dai ɗaya yana shan wat 250 kafin ya yi wannan aikin, ɗayan 115.

Ni ba ma wannan ne ya sa na tsaya rubutu ba. Kalmar "na hannu" ce ta tayar min da tsohon miki.

Bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, kun san yadda katuna suka cika ko'ina. Wani ya sayar min da RX 580 8GB, ya rantse min da Allah cewa ƙaninsa ne ya yi wasa da shi kaɗan ya ajiye. An wanke shi tas, fankokin suna ƙyalli. Ya kunna min a gabana, hoto ya fito, ya cire ya miƙo min. Da na zo gida na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, sai na ga 2048 a wajen shaders (ƙananan sassan lissafin guntun), alhali RX 580 na ainihi 2304 ne. Wato mai 2048SP ne, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne, suna kawai ya ara. Na haƙura. Ashe ba a fara ba. Ana cikin wasa sai ƙananan murabba'ai kore da ruwan hoda su watsu a sikirin, fanka ta hau ihu, komai ya yi baƙi. Ranar da ta fi ƙona min rai, ina fitar da bidiyon wani da ya ba ni aiki, dare ya raba, sandar ta kusa kai ƙarshe, sai sikirin ya ɗauke. Na sake daga farko, ya sake ɗaukewa. Na zauna ina kallon fitilar akwatin tana ci, gumi na keto min, ga mai aiki zai kira da safe. Da na kwance katin, man sanyayan da ke kan guntun ya bushe ƙamas yana farfashewa, robobin sanyaya (thermal pads) da ke kan ƙwayoyin VRAM sun narke sun yi maiƙo, allon ya yi jaja-jaja a bayansu saboda gashi. BIOS ɗin ma na masu haƙa ne. Na kira mutumin, da farko bai ɗauka ba, da ya ɗauka sai ya ce wai ni na ƙona shi da wutata. Ni! Mutumin da ya rantse min. Daga baya ma toshe lambata ya yi. Har yau idan na tuna muryarsa yana cewa "ai lafiya lau na ba ka" sai na ji zuciyata ta tafasa. Na bar shi da Allah.

To kai ma idan zuciyarka ta kwanta da 1080 Ti ɗin, kada ka yarda da "ga shi ya kawo hoto". Sa manhajar gwaji ta FurMark ta gasa shi na kamar rabin awa a gabanka, kana kallon zafinsa, ka buɗe GPU-Z ka ga lambobin sun dace da sunan. Duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Idan mai shi ya fara cewa yana sauri, kai ma ka yi sauri ka tafi. Kuma wane akwatin wuta (power supply) kake da shi a kwamfutar? 1080 Ti yana son wat 600 da fulogi biyu, mai fil 8 da mai fil 6, wasu ma 8 biyu. Mutane suna manta wannan sai sun kai kati gida.

Suna ma ba abin dogaro ba ne ko a sabon kaya. RTX 3060 akwai mai 12GB da 192-bit, akwai mai 8GB da 128-bit, kuma na biyun ya fi rauni ƙwarai. GT 1030 akwai mai ma'ajiyar GDDR5 akwai mai DDR4, tazararsu kusan ninki. Karanta kwalin har ƙananan rubutu.

Na koma kan tambayarka. Abin da zai kashe 1080 Ti ba ƙarancin ƙarfi ba ne, rashin kayan aikin zamani ne. Ba shi da sashen ray tracing (lissafin haske da inuwa kamar na zahiri), ba ya DLSS (fasahar Nvidia ta ɗaga hoto don ƙara saurin wasa), wanda sai daga jerin RTX 20 na 2018 zuwa sama. FSR dai, kwatankwacin DLSS na kamfanin AMD, yana yi a kansa, ka ɗan samu sauƙi. Indiana Jones and the Great Circle na 2024 da Doom: The Dark Ages na 2025 sun wajabta ray tracing, wato ko 11GB ɗinka ba za ta buɗe maka su ba. Alan Wake 2 ma da ya fito a 2023 ya wahalar da katunan GTX 10 saboda mesh shaders, wata sabuwar fasahar zane da ba su da ita. Sannan Nvidia ta daina fitar wa wannan jerin direbobin sababbin wasanni tun ƙarshen 2025, sai gyaran tsaro kawai. Idan kana harkar bidiyo ko yaɗa shi kai-tsaye, 4060 yana fitar da sabon tsarin bidiyo na AV1, tsohon ba ya yi.

Ba wai 4060 ɗin ya burge ni gaba ɗaya ba ne fa. 8GB a 2023 rowa ce, na faɗa na kuma. Ka ɗaga texture (ingancin zanen jikin abubuwa) zuwa ƙoli a wasu sababbin wasanni, ko ka hau 1440p, VRAM ta cika, wasa ya fara tsattsayawa. Kuma layi 8 na PCIe 4.0 (mahaɗar kati da madabod) yake amfani da shi, don haka a tsohuwar madabod mai PCIe 3.0, idan VRAM ta cika, abin ya fi yin muni. Shi ya sa wasu a nan har yanzu suke riƙe da 3060 mai 12GB, musamman masu zanen 3D da Blender da masu gwada AI a gida, kuma ban ga laifinsu ba.

Da ni ne, sabon zan ɗauka, saboda garanti da kwanciyar hankali, in sauke texture mataki ɗaya in yi barcina. Idan kuwa wasanninka duk na da ne, kuma mai 1080 Ti ɗin mutum ne da ka san ƙofar gidansa, to sai a duba. Turo mana sunan firosesarka, madabod da akwatin wutar, da girman sikirin da kake wasa a kai, don idan firosesar ta tsufa sosai duk katin da ka sa jiranta zai riƙa yi.