Karena ya yi teɓa, sikanin ya nuna kitse a hanta

TAMBAYA: Likita, karena na gadi ya kai kilo 40. An yi masa sikanin, aka ce hantarsa ta tara kitse, a rage masa abinci. Ta yaya na'ura ke gane haka, kuma yaushe zan mayar da shi a sake dubawa? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Malam, na'urar ba ta auna kitse kai tsaye, sauti take aikawa cikin jiki, ta nuna abin da ya dawo a matsayin haske ko duhu. Mai duba yana gwada hanta da saifa da ƙoda. Lafiyayyar hantar kare ta fi saifa duhu a fuskar na'ura. Idan ta tara kitse sai ta yi haske har ta kamo saifa, ta ƙara girma, gefenta ya daina kaifi, jijiyoyin jinin cikinta su dushe, can ƙasanta kuma ya yi duhu domin kitsen ya cinye ƙarfin sautin.

Sai dai hanta mai haske ba lallai kitse ba ne. Ciwon sukari, shan magani irin prednisolone, cutar Cushing (yawan sinadarin cortisol a jiki), har da tabon hanta duk suna ba da hoto mai kama da wannan. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin jini na ALT da ALP, sinadaran da ke nuna lafiyar hanta, in kuma akwai shakka a zuƙo ɗan samfuri da siririyar allura a duba.

Kafin sikanin, a hana shi abinci awa 8 zuwa 12, amma a bar masa ruwa, domin abinci da iskar ciki suna tare hoton. Za a aske gashin cikinsa.

Batun rage ƙiba kuwa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako ya wadatar, wato giram 400 zuwa 800 ga naka. A auna abinci da sikeli, kada a yi da ido, a daina zuba masa ragowar shinkafa da miyar manja. Kada a sa shi yunwa. Masu kyanwa ma su fi kiyayewa, don ita kwana kaɗan ba ci kan jefa hantarta cikin haɗari.

Ka riƙa auna shi duk sati biyu, a sake sikanin bayan kamar wata uku, a wuri ɗaya da na'ura ɗaya, tunda saitin haske kaɗai yana iya canza hoton. Idan ya daina cin abinci, yana amai, ko idonsa ya yi rawaya, kada ka jira wata ukun.