Ruwan Wankin Mota: Shin Tantanin Tacewa Zai Tsarkake Shi?

Tambaya: Injiniya, ina da wurin wankin mota da juyen baƙin mai a Gusau. Maƙwabta sun fara kukan cewa rijiyarsu tana warin mai, kuma hankalina ya tashi ƙwarai. Wani dillali ya ce in sayi na'ura mai tantanin tacewa, wai ruwan zai fito garau har a shayar da dabbobi a yi ban-ruwan lambu. Yarana kuwa Omo suke zubawa a ramin da ruwan wankin ke taruwa, man ya ɓace. Wanne ne daidai?

Amsa: Alhaji, Allah Ya saka maka da ka damu da haƙƙin maƙwabta. Tantanin, wato siririn shafi mai ƙananan ramuka da ke tace ruwa, yana aiki, amma ba shi ne matakin farko ba. Man da ke yawo a sama, wanda girman ɗigonsa ya haura maikiron 150 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ramin siminti mai ɗaki biyu ko uku ya isa ya raba shi, sai a kwashe. Aikin tantani yana kan ɗigon da bai kai maikiron 20 ba, wanda ya gauraye da ruwa ya ƙi tasowa ko da ya kwana a ajiye. Ramukan irin wannan tantani sun fi ɗigon man ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ana tura ruwan ne ya bi ta gefensa da gudu don kada mai ya kwanta a kansa. Na tangaran ya fi na roba tsada, amma ya fi jure wanki da ruwan zafi da soda, wankin kuwa dole ne, domin toshewa ita ce babbar cutarsa.

Sai dai abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne yadda yaranka da dillalin suka haɗu a kan kuskure ɗaya, wato aunawa da ido. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba. Omo ba ya kashe mai, farfasa shi yake yi ya zama ƙananan ɗigo da ke bin ruwa su ratsa ƙasa har su isa rijiya. Man da za a iya kwashewa da roba an mayar da shi wanda sai na'ura mai tsada za ta kama, sannan sabulun ya taimaka wajen toshe ta. Kusan kowane garejin da na shiga sai na tarar da wannan, ana yi ana ganin tsafta ce.

Maganar dillali ta fi haɗari. Tantani yana tare ɗigo ne, abin da ya narke a ruwa wucewa yake yi, kamar yadda gishiri ke wuce ƙyalle. Benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, yana narkewa, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba, har da dalma. Mu a Zamfara ba ma buƙatar a gaya mana illar dalma, tunda a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma babu wanda ya ganta da ido. Mutumin da zai ɗaga maka kwalbar ruwa a rana ya ce ka duba haskenta, bai kawo takardar ɗakin gwaje-gwaje ba, kuɗinka yake so, kuma ba shi zai tsaya gaban maƙwabtanka ba ranar da akuya ta mutu ko yaro ya kwanta.

Ka hana zuba Omo daga yau, ka ware baƙin mai a duro, ka shafe ramin da siminti. Ruwan da tantani ya tace a mayar da shi wankin mota kawai, kaurin da ya rage kuma a tara a duro, kada ya shiga kwata. Rijiyar maƙwabta kuwa a daina sha daga gare ta har sai an kai ruwanta gwaji, kuma kai ya kamata ka biya kuɗin gwajin.