Ga ƙanen da ke tambaya: POS ko zaman shago a Kwari?

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka gama makaranta, yayanka na so ka zauna masa a shagon atamfa a Kantin Kwari, kai kuma ranka ya fi kwanciya da buɗe POS, don a ganinka zaman shago ya zama tsohon yayi. Shekarata 19 a Kwari, da ɗaukar dila na fara, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ka karɓi shagon. Sai dai ka sani, aikin yaron shago na yau ba irin namu na da ba ne. A da, ɗan kasuwa zai taso daga Maiduguri ko Maraɗi da jakar kuɗi, mu baje a tabarma muna ƙirga har a kira magariba. Yanzu kira zai yi ta WhatsApp, a nuna masa shadda da leshi, ya zaɓa, ya turo kuɗi, mu ɗaure kaya mu kai tasha, a tura masa lambar direba. Ina da kwastomomin da muka shekara uku muna ciniki ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Abin da ya juya kasuwar gaba ɗaya shi ne canjin kuɗi, lokacin da Babban Banki ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023. Dattawan da suka ce su sai sun riƙe kuɗi a hannu, dole ta sa suka koyi tiransifa. Har mai shayin layinmu ya rubuta lambar asusu a kwali ya rataye, kuma har yau tana nan.

A lokacin masu POS sun samu, shi ya sa kowa ya ruga. Yau ka bi titin Ibrahim Taiwo ka ƙirga laimomin masu POS. Mu kanmu kusan kowane shago yana da na'urar Moniepoint ko OPay, to wa zai zo wurinka? Ribar ba yawa, ga neman tsabar kuɗi kullum.

Abin da kasuwa ke nema ruwa a jallo shi ne yaron da ya san kaya kuma ya iya waya. Hoto kaɗai ilimi ne. Leshi ruwan toka in ka ɗauke shi a ƙarƙashin ƙwan lantarki sai ya fito shuɗi, mace ta saya daga Kaduna, ya isa ta ce ba shi ba ne, a dawo da shi, kuɗin mota a kanka. Mu da hantsi muke fitar da kaya bakin ƙofa mu ɗauka. Matan da ke sayarwa daga gida ta status na WhatsApp da hotunanmu suke ciniki, kuma yaron da ke kula da su a shagona kamashonsa ya fi na wanda ya riga shi zuwa da shekara biyar.

Sai ka kula da alat na bogi. Ana saura kwana huɗu Sallah wani ya zo fes da shi, ya ɗauki shadda biyar, ya nuna wa yarona waya cewa ya tura. Cunkoso ya yi yawa, yaro ya sallame shi. Har yau kuɗin ba su shigo ba, kuma abin yana min ciwo. Tun ranar, kaya ba sa fita sai mun buɗe asusu mun ga kuɗin da idonmu.

Kafin ka fara, ka zauna da yayanka ku yi magana a fili. Ya sayi waya ta shago daban da taka, da layi da asusun shago, kuma ku rubuta nawa ne kamashonka a kan duk cinikin da ya shigo ta wayar, a gaban wani babba na gida.