Sabuwar giya otomatik a tsohuwar mota: wayoyin za su hau?

Malam, ka tambaya ko wayoyin tsohuwar motarka za su hau sabuwar giya otomatik. Kai tsaye dai ba za su hau ba.

Tsofaffin giya irin 700R4 ta kamfanin motoci na General Motors (GM) da matsin man giya da kebul ɗin totur suke canjawa. Ita kuwa 4L60E da ta gaje ta a 1993, kwamfuta ke ba ta umarni, kuma sai ta san yadda ka taka totur da gudun motar. In injinka mai kabireta ne, dole ka sa wa giyar kwamfutarta daban da sansar totur (na'urar da ke auna yadda ka taka totur), in ba haka ba ta maƙale a giya ɗaya.

Ka kuma sa rewaya ya haɗa wayar fitilar ribas da wadda ke hana mota tashi a cikin giya, kowacce a inda ya dace da sabuwar giyar. Sababbin giyar GM irin su 6L80 kuwa, sai sun sami bayanai daga kwamfutar inji, ko daga wata kwamfuta ta musamman da za ta maye gurbinta.