Na'urata ta auna girgizar ƙasa hayaniya kawai take zanawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano, ina zaune a Sharaɗa. Na haɗa na'urar auna girgizar ƙasa irin ta Lehman: sandar ƙarfe a kwance mai nauyi a baki, maganaɗisu a jikin sandar, naɗin waya a gefe, sai amfilifaya zuwa kwamfuta. Wata biyu ke nan ban kama girgiza ko ɗaya ba. Da rana layin da kwamfutar ke zanawa sai tsalle-tsalle, da dare ya yi ta yawo sama da ƙasa, wani lokacin in tarar sandar ta jingine gefe guda. In wargaza in sake ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kar ka wargaza komai. Na'urar da ta lalace shiru take yi, taka kuwa ji ne ya yi mata yawa. Unguwar Sharaɗa take ji, da injinan kamfanoni da tireloli, har da takun mutanen gidanka. Aikin da ke gabanka shi ne ka rarrabe wace hayaniya daga ina ta fito.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Tokare sandar da katako yadda ba za ta motsa ba, ka bar kwamfuta tana rubutu na awa guda. In layin bai daina tsalle ba, to lantarki ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma naɗin wayarka yana tsintar wannan kamar eriya, balle in an tada janareta ko inbata a kusa. Gajarta wayar da ke tsakanin naɗin da amfilifaya, ka murɗe biyun kamar igiya, ka samo mai rigar ƙarfe. Ba wa amfilifayar batir nata, ka zare cajar kwamfuta ka gani ko layin zai kwanta. Sannan ka sa matatar lantarki, wato filta, da za ta yanke duk abin da ya wuce kaɗawa 5 a sakan. Ba abin da za ka yi asara, don girgizar nesa a hankali take isowa.

In kuwa layin ya miƙe da ka tokare sandar, to sandar ce ke motsi, kuma yawon daren nan da ka ambata kusan kullum iska ce. Ba iskar taga ba. Da dare, musamman da hunturu, daɓen siminti yana riƙe da ɗumin rana alhali iskar ɗaki ta huce, sai mai ɗumi ta tashi, mai sanyi ta sauko, suna ta juyawa suna tura sandar. Ba za ka ji ta a fatarka ba, amma sandar tana ji. Kifa wa na'urar akwati na farin soson nan da ake naɗe sabon firij da shi, ka toshe duk wata kafa da salatif. Sai ka rataya ɗan ƙwan fitila mai zafi, kamar wat 10, a can saman akwatin daga ciki. Da iska mai ɗumi ta zauna a sama, juyin ya ƙare. Da yawa sukan yi dariya in aka ce a ƙara zafi a Kano, amma haka abin yake.

Jinginewar sanda kuma karkacewa ce. Wannan tsari, wanda James Lehman ya yi, aka kuma bayyana shi a mujallar Scientific American a 1979, kamar ƙyauren da aka rataya a ɗan karkace yake: iya yadda ka tsawaita lilonsa, iya yadda ƙaramin abu ke gusar da shi. Tsayuwarka kusa da shi kaɗai tana lotsa daɓen. Rana ta daki bango da la'asar, haka. Ajiye na'urar a kan siminti a ɗakin ƙasa, nesa da bangon da ke shan rana, a kan ƙafafun noti uku. Rage lilon yadda zuwa da dawowa ɗaya zai ɗauki sakan 12 ko 15. Sakan 30 abin sha'awa ne, sai dai kullum kana durƙushe kana saiti.

Abu biyu zan sauya a ginin kansa. Maganaɗisu ya sauka daga sandar, naɗin waya ya hau, in ba haka ba duk ƙofar ƙarfen da aka buɗe ko babur da aka shigo da shi soro sai ya ja ta. Sai birki, wato abin da ke kwantar da lilon sandar. Ba ka ambace shi ba, kuma sandar da ba birki lilonta take zanawa, ba motsin ƙasa ba. Wasu kan tsoma ɗan falle a baƙin mai, amma man da ya yi kauri a Janairu ruwa yake zama a Afrilu. Gara fallen jan ƙarfe a jikin sandar, mai wucewa tsakanin maganaɗisu biyu da aka kafe a gindi. Tura sandar milimita 10 ka saki: ta wuce tsakiya da abin da bai kai milimita ɗaya ba, ta dawo ta tsaya.

Batun wata biyu ba komai, kar ya dame ka. Girgiza masu maki 7 zuwa sama kimanin 15 ne a shekara a duniya duka. Ƙananan motsi irin na Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 ko Mpape ta Abuja a 2018 masu sauri ne, ba su aka yi wa wannan na'urar ba. Abin da ta fi ji shi ne igiyar girgiza da ke bin saman ƙasa, mai kaɗawa ɗaya a kimanin sakan 20, kuma daga gefen sandar take ji, wato in sandar ta kalli arewa, motsin gabas da yamma za ta rubuta.

Saita agogon kwamfutarka da intanet, ka riƙa gwadawa da jerin girgizar ƙasa na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, kana tuna cewa Kano tana gaban lokacin duniya na UTC, wanda suke amfani da shi, da awa ɗaya. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023, mai maki 6.8, ta auku ƙarfe 11:11 na dare agogonmu. Igiyar farko kan ɗauki minti biyar da ɗoriya kafin ta iso nan, ta saman ƙasa ta biyo baya da wasu mintuna.

Bayan gyaran, duba layin ƙarfe uku na dare. In ka ga ɗan kaɗawa mai laushi duk bayan sakan shida ko kusa da haka, yana kumbura yana sacewa, kar ka taɓa komai. Igiyar teku ce ke dukan ƙasa, kana jin ta daga Sharaɗa.